Babi na Shida: Kuɗin da Ba Ya Bi ta Ƙofar Kasafi

A ranar 24 ga Fabrairun 2022 dakarun Rasha suka kutsa cikin Yukren, kuma kafin a cika mako biyu gangar ɗanyen mai ta haura dala 120 a kasuwar duniya. Ƙasashen da ke sayen mai suka shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi, masu sayarwa kuwa kakarsu ta yanke saƙa. Saudiyya ta rufe wannan shekara da rarar kuɗi a kasafinta, abin da ta yi kusan shekara goma ba ta gani ba. Najeriya ma mai sayarwa ce, tun 1958 take fitar da ɗanyen mai, don haka duk mai lissafi zai zaci lokacin tara kuɗi ne ya zo mata. Ba haka aka yi ba. A watan Afrilun wannan shekara Shugaba Muhammadu Buhari ya nemi Majalisar Dokoki ta Ƙasa ta yi wa kasafin kuɗi kwaskwarima, aka ɗaga abin da aka ware wa tallafin man fetur daga kimanin naira biliyan 443 zuwa tiriliyan 4. Wannan adadi ya fi abin da gwamnatin tarayya ta ware wa lafiya da ilimi idan aka haɗa su wuri guda. A daidai lokacin malaman jami'o'i suna yajin aikin da ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, ɗalibai suna zaune a gida.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Matatun gwamnati huɗu, biyu a Fatakwal, ɗaya a Warri, ɗaya a Kaduna, waɗanda aka gina su tace ganga 445,000 a rana, babu wadda ke aiki a lokacin. Kusan kowace litar fetur da aka sha a ƙasar daga waje aka shigo da ita, da dala aka saye ta, a kan farashin duniya. Kamfanin mai na ƙasa, NNPC, shi kaɗai ne ke shigo da man a 2022, ya sayar wa dillalai yadda za a iya sayar da lita a kan naira 165, gwamnati ta ɗauki ragowar. Duk sanda ɗanyen mai ya ƙara tsada, ragowar nan sai ta ƙara kumbura. Ga kuma satar mai da fasa bututu a yankin Neja Delta, waɗanda suka sa abin da ake haƙowa ya faɗi ƙasa da ganga miliyan ɗaya a rana a watannin Agusta da Satumban 2022, alhali an gina kasafin farko a kan ganga miliyan 1.88. Wato abin da ke shigowa yana raguwa, abin da ke fita yana ƙaruwa. Ministar kuɗi ta lokacin, Zainab Ahmed, ta bayyana cewa daga Janairu zuwa Afrilun 2022 gwamnatin tarayya ta samu kuɗin shiga naira tiriliyan 1.63, amma ta biya tiriliyan 1.94 wajen hidimar bashi. Ke nan albashin soja da na malami da na likita duk daga sabon rance suka fito.

Abin da ya fi girman adadin muhimmanci, a ganina, shi ne hanyar da kuɗin ke bi. Sashe na 162 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce duk kuɗin shiga na tarayya a zuba su a asusu ɗaya, daga nan a raba tsakanin gwamnatin tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi. A wancan lokaci kuɗin tallafi ba ya isa wannan asusu. NNPC ne ke sayar da ɗanyen man ƙasa, ya cire abin da ya ce ya yi asara wajen shigo da fetur, ya kawo saura idan akwai. Kamar ka aiki yaronka kasuwar Dawanau da buhunan gero ne, ya dawo da yamma ya ce ya sayar, amma ya yi wa gida cefane da kuɗin, ba rasit, ba canji, har ma yana binka. A 2022 an yi watanni a jere kwamishinonin kuɗi na jihohi suna zuwa Abuja taron rabon wata-wata, ba sisin kwabo daga kamfanin. Jami'ai ma ba su cika son kiran abin tallafi ba. A takardunsu asara ce da kamfani bai iya mayarwa ba.

Kuma babu wanda zai iya dafa Alƙur'ani a kan yawan man da ake sha. A 2022 hukumomi suna cewa ya haura lita miliyan 60 a rana. A Satumban 2022 shugaban hukumar kwastan, Kanar Hameed Ali mai ritaya, ya tsaya gaban wani kwamitin Majalisar Wakilai ya tambaya: idan lita miliyan 60 ake sha, me ya sa ake barin miliyan 98 su fita daga defo? Tambayar ba sabuwa ba ce. Shekara goma kafin nan, bayan zanga-zangar Janairun 2012 da ta tilasta wa Shugaba Goodluck Jonathan sauko da lita daga naira 141 zuwa 97, wani kwamitin Majalisar Wakilai ya binciki harkar, ya gano cewa a 2011 an ware wa tallafi naira biliyan 245 a kasafi, amma abin da aka biya ya haura tiriliyan 2.5. Ninki goma ke nan, ba tare da an koma majalisa neman izini ba.

Mai karatu zai iya cewa to ai matsalar rashin doka ce. A'a, Najeriya tana da dokokin tsuke bakin aljihu, kuma waɗanda suka rubuta su sun san abin da suke yi. Guda uku suka fi fice, kuma kowacce akwai yadda aka yi aka zagaye ta.

Ta farko ba ma doka ce ta majalisa ba, tsari ne da aka shigo da shi a 2004, zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo da ministar kuɗinsa Ngozi Okonjo-Iweala. Za a gina kasafi a kan farashin ganga mai sauƙi, duk abin da ya hau kai a zuba shi a asusun rarar ɗanyen mai. Tsarin ya yi aiki da farko. Daga cikinsa aka samu abin da aka biya ƙasashen ƙungiyar Paris dala biliyan 12 da ɗoriya bayan yarjejeniyar 2005, su kuma suka yafe biliyan 18. Zuwa 2008 asusun ya tara kimanin dala biliyan 20, kuma da ganga ta rikito daga dala 147 a Yuli zuwa ƙasa da 40 a Disambar wannan shekara, shi ya tare wa ƙasar faɗa. Amma gwamnoni sun kafe cewa tsarin mulki bai san da wani asusun ajiya ba, kuɗin nasu ne a raba, har suka garzaya Kotun Ƙoli. Ta fuskar doka suna da hujja, domin ba a taɓa gyara sashe na 162 ya ba da damar ajiya ba. Aka yi ta ɗiba, farashi ya hau a ɗiba, ya sauka a ɗiba. A Yulin 2022, lokacin da ganga ke sama da dala 100, abin da ya rage a asusun bai kai dala rabin miliyan ba.

Ta biyu ita ce dokar kula da kashe kuɗin gwamnati ta 2007, wadda marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya sa wa hannu watanni kaɗan da hawansa mulki. Ta ce giɓin kasafi kada ya wuce kashi 3 cikin ɗari na jimillar abin da ƙasa ke samarwa a shekara, kuma kada a ci bashi sai don ayyukan raya ƙasa da gina ɗan Adam, da kuɗin ruwa mai sauƙi. Ta kuma kafa hukumar da za ta sa ido. Sai dai an bar mata ƙofofi biyu a buɗe: majalisa na iya amincewa da wani kaso daban idan ta ga ƙasa za ta iya ɗauka, shugaban ƙasa kuma na iya tsallake iyakar idan a ganinsa akwai barazana ga tsaro. Mafi muni, dokar ta lissafa abubuwan da aka hana amma ba ta tanadi hukunci mai ciwo ga wanda ya karya ba. Tun daga 2020, shekarar korona, kasafi ke tsallake kashi 3. Na 2023 ya zo da giɓin da ya haura naira tiriliyan 10, wajen kashi 5.

Ta uku ita ce ta fi taɓa tukunyar talaka, don haka zan ɗan daɗe a kanta. Sashe na 38 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya yarje wa bankin ya ranta wa gwamnatin tarayya kuɗi na wucin gadi idan kuɗin shiga suka yi jinkiri. Sharuɗɗan a fayyace suke: kada rancen ya wuce kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shigar da gwamnati ta samu a shekarar da ta gabata, a kuma biya kafin shekara ta ƙare, idan ba a biya ba, bankin ba shi da ikon sake bayarwa. Hikimar wannan iyaka ita ce Babban Banki ba ya ɗauko kuɗi daga wata ajiya da wani ya tara. Ƙirƙirarsu yake yi. Idan ya zuba sababbin tiriliyoyi a hannun gwamnati alhali buhunan masara da ke kasuwa ba su ƙaru ba, dalar da ke shigowa ba ta ƙaru ba, to naira ce za ta yi yawa, kaya su yi tsada. Haraji ne da ba a kai shi majalisa ba, kuma ya fi cin wanda dukiyarsa tsabar kuɗi ce a aljihu: ɗan fansho, lebura, mai shara, matar da ke sayar da ƙosai. Mai gidaje a Maitama da dala a banki shi riba ma yake ci.

A tsakiyar 2015 wannan rance bai kai naira tiriliyan ɗaya ba. Zuwa ƙarshen 2022, a ƙarƙashin gwamnan banki Godwin Emefiele, ya kai tiriliyan 22.7. Idan aka bi ƙa'idar kashi 5, abin da ya halatta a shekara bai wuce 'yan biliyoyi ɗari biyu zuwa uku ba. Ba a cikin dare ɗaya aka tara shi ba. Alƙaluman suna fitowa a rahotannin bankin, masana da 'yan jarida suna ta magana, kuma kwamitocin majalisa masu sa ido a kan bankin suna nan. A Disambar 2022 shugaban ƙasa ya aika wa majalisa buƙatar a mayar da bashin takardun lamuni na shekara 40, da kuɗin ruwa kashi 9. Zauren Majalisar Dattawa ya kaure da hayaniya, wasu sanatoci suka ce sai an kawo musu bayanin inda kuɗin suka tafi. A ranar 3 ga Mayun 2023, saura kwana 26 gwamnati ta sauka, suka amince. A ƙarshen 2023 sabuwar majalisa ta sake amincewa da wani tiriliyan 7.3 irinsa, a Yulin 2024 kuma ta zartar da ƙudurin ɗaga iyakar daga kashi 5 zuwa 10. Gaskiya ɗaya da ya kamata a faɗa: sabon gwamnan bankin, Olayemi Cardoso, ya sanar a farkon 2024 cewa ba za a ƙara ba da irin wannan rance ba sai an biya na baya, kuma wannan mataki ne mai kyau. Amma mataki ne da ya dogara ga halin mutumin da ke kan kujera. Dokar da ta kasa tare wanda ya gabace shi kuwa ba a ƙara mata ƙarfi ba.

Don a ga bambanci, a leƙa Jamus, wadda ita ma tsadar makamashi ta girgiza ta a 2022 bayan iskar gas ɗin Rasha ta yanke. Tun 2009 Jamusawa suka sa wa tsarin mulkinsu birkin cin bashi: giɓin gwamnatin tarayya na yau da kullum kada ya wuce kashi 0.35 cikin ɗari, sai dai idan majalisa ta kaɗa ƙuri'a cewa an shiga halin gaggawa. Sun yi amfani da wannan dama suka ware har yuro biliyan 200 don rage wa gidaje da masana'antu raɗaɗin kuɗin gas da lantarki. Amma da gwamnatin Olaf Scholz ta karkatar da yuro biliyan 60 na izinin rancen korona da ba a taɓa ba zuwa wani asusu na daban, 'yan adawa suka kai ƙara, kuma a ranar 15 ga Nuwamban 2023 kotun tsarin mulki da ke Karlsruhe ta soke matakin. Nan take aka dakatar da kashe kuɗi daga asusun, rigimar kasafi ta yi ta ruruwa har gwamnatin haɗaka ta wargaje bayan shekara guda. Ba cewa nake birkin Jamus abin koyi ne ta kowace fuska ba. Su kansu da yawansu suna kukan ya hana su gyara layin dogo da gadoji, kuma a Maris ɗin 2025 sun sassauta shi. Amma sun sassauta shi ne a fili, da rinjayen kashi biyu cikin uku na majalisa. Akwai wanda zai iya kai ƙara, akwai kotun da za ta ce a'a, kuma a'arta tana tsayar da kuɗi.

A Najeriya iyakar da ta yi aiki nan take ita ce wadda aka ɗora wa mai saye a gidan mai. Ranar 29 ga Mayun 2023, a dandalin Eagle Square, Shugaba Bola Tinubu ya faɗa a jawabin rantsuwarsa cewa tallafin mai ya tafi. Kafin magariba layuka sun miƙe a gidajen mai, wasu sun rufe ƙofa. Bayan kwana biyu NNPC ya fitar da sabon farashi: daga wajen naira 185 zuwa 488 a Legas, 537 a Abuja, 540 a Kano, 557 a Maiduguri. Duba yadda jerin ya tafi: iya nisanka da teku, iya tsadar da za ka biya, domin a tanka ake jigilar man daga kudu, tankar kuma dizal take sha, shi kuwa dizal an daɗe da sakin farashinsa. Mako biyu bayan haka aka saki naira ta nemo darajarta a kasuwa. Dalar da hukuma ke sayarwa a wajen naira 460 ta kai 1,500 a farkon 2024. Tunda da dala ake sayo fetur, lita ta sake hawa, 617 a Yulin 2023, har ta haura naira dubu a Oktoban 2024. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a Yunin 2024 hauhawar farashin abinci ta kai kashi 40.87 cikin ɗari.

A ɗauki direban adaidaita sahu a Kano, a ce yana shan lita takwas a yini. A farkon Mayun 2023 naira 1,480 ke nan. A farkon Yuni ta zama 4,320. A ƙarshen 2024 ta haura dubu takwas. Balas ɗin da zai kai wa mai mashin da yamma bai ragu ba, kuɗin tikiti bai ragu ba, bakin mai da taya sun bi dala sun tashi. Ya ƙara kuɗin mota, fasinja ya ragu, domin ma'aikacin da albashinsa mafi ƙanƙanta ya tsaya a naira 30,000 har zuwa Yulin 2024 ya koma taka sayyada. Sai ka ga direba ya kashe inji a gangara, ko ya tsaya a bakin titi yana jiran ya cika kafin ya motsa, yana leƙa tanki yana girgiza mashin don ya ji sauran abin da ke ciki. A fadamun Kano da Jigawa da Sakkwato kuma, manomin rani da ke ba tumatir da albasa da alkama ruwa da ƙaramin injin fetur ya tarar kuɗin ban-ruwa ya ninka sau uku kafin ya sayi taki. Wasu suka rage fili, wasu suka kai injin wurin makaniki aka juya shi ya koma shan gas ɗin girki, ka ga tukunyar gas a bakin rijiya da tiyo ya shiga kafireto. Masu hali suka sayi faifan sola. Wannan ita ce tsuke bakin aljihu ta gaske, kuma mutanen nan sun yi ta cikin mako guda, ba tare da wani kwamiti ba.

Ban ce a dawo da tallafin ba, kuma ina ganin duk wanda ya dubi alƙaluman da ke sama da zuciya ɗaya ba zai ce haka ba. Mai motoci biyar a gareji ya fi mai babur ɗaya morarsa nesa ba kusa ba. Wani kaso mai yawa na man kuma a lokacin yana tsallake iyaka: duk wanda ya san hanyar Jibiya zuwa Maraɗi, ko Illela zuwa Ƙonni, ya san jarkokin da 'yan bumburutu ke jerawa a bakin titi ba daga matatar Damagaram aka cika su duka ba. Har hana kai mai gidajen man da ke tsakanin kilomita 20 da iyaka aka yi a Nuwamban 2019, abin da ya jefa mutanen garuruwan kan iyaka cikin wahala ba tare da ya kashe fasa-ƙwaurin ba. Dokar masana'antar mai ta 2021 ta riga ta yi umarnin sakin farashi, kasafin 2023 ya tanadi kuɗin tallafi zuwa Yuni kawai, kuma manyan 'yan takarar shugaban ƙasa uku duk sun yi alƙawarin cire shi. Tambayar ita ce: da aka ce wa jama'a su ɗaure ciki, ita gwamnati wace iyaka ta ɗaura wa kanta, wa kuma zai tilasta mata?

Watanni shidan farko ba su ba da amsa mai daɗi ba. An naɗa ministoci sama da 45, adadin da ba a taɓa gani ba tun 1999. Majalisa ta sayo wa 'ya'yanta manyan motoci na ƙasar waje, waɗanda jaridu suka ruwaito kowacce ta kai wajen naira miliyan 160. A ƙwarya-ƙwaryar kasafin naira tiriliyan 2.17 na Nuwamban 2023 aka tsinci biliyan 5 na jirgin ruwan shugaban ƙasa, sai da aka yi ca kafin Majalisar Wakilai ta cire shi. Taron sauyin yanayi na Dubai a ƙarshen shekarar, gwamnati da bakinta ta ce mutum 422 ta ɗauki nauyinsu. Bayan surutu ya yi yawa, a Janairun 2024 aka sanar da rage 'yan rakiyar manyan jami'ai da kashi 60 cikin ɗari, daga Afrilu kuma aka dakatar da tafiye-tafiyen waje da kuɗin gwamnati na wata uku. A Fabrairun 2024 aka ce za a aiwatar da rahoton kwamitin Stephen Oronsaye na 2012, wanda ya ba da shawarar rage hukumomin da doka ta kafa daga 263 zuwa 161. A lokacin, shekara goma sha biyu ke nan rahoton yana jiran mai aiwatarwa. Masu kare gwamnati sukan ce ai duk waɗannan kuɗaɗe ba su taka kara sun karya ba idan aka gwada su da kasafin tiriliyan 28. Ta fuskar lissafi haka ne. Amma mutumin da ya sayar da akuyarsa don ya sayi man ban-ruwa ba da lissafin kaso yake auna gwamnati ba, da abin da idonsa ya gani yake aunawa, kuma amanar da aka zubar ta wannan hanya ita ake nema a rasa ranar da za a zo masa da wani gyaran. Zanga-zangar tsadar rayuwa ta farkon Agustan 2024, wadda ta fi zafi a Kano da Kaduna da sauran biranen Arewa, kuma aka yi asarar rayuka a cikinta, ba daga sama ta faɗo ba.

Jihohi ma ba za su tsira daga wannan tambaya ba. Abin da aka raba daga asusun tarayya bai kai naira tiriliyan 11 ba a 2023. A 2024 ya haura tiriliyan 15. Gaskiya ne faɗuwar naira ta cinye wani ɓangare na ƙarin, amma albashi da fansho da naira ake biyansu, kuma gwamnoni sun samu sararin da ba su taɓa samu ba. Dattawan Arewa har yau suna tuna asusun PTF da Janar Sani Abacha ya kafa bayan ƙarin kuɗin mai na 1994, ba don ba shi da nasa laifuffukan ba, kuma shi ma a wajen kasafi yake, sai don mutum yana iya nuna titi ko maganin asibiti ya ce wannan kuɗin ƙarin mai ne. Yau ɗan jiha zai yi wuya ya samu takarda guda da ta nuna masa nawa jiharsa ta samu ƙari saboda cire tallafi, da kuma rijiya ko aji ko motar haya da aka saya da shi.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne tsohuwar ɗabi'ar ba ta mutu ba. Bayan Yulin 2023 farashin lita ya tsaya wuri ɗaya fiye da shekara guda, alhali naira tana ta faɗuwa. A Disambar 2023 Bankin Duniya ya ce idan da gaske babu tallafi, lita ya kamata ta kai wajen naira 750. Jami'an gwamnati suka yi ta musantawa. Sai a Agustan 2024 NNPC ya bayyana cewa giɓin da ke tsakanin abin da yake sayo man da abin da yake sayarwa ya kai naira tiriliyan 7.8, a farkon Satumba kuma ya amsa cewa masu kawo masa mai suna binsa bashi mai nauyi. Ke nan tallafi ya dawo ta bayan fage, ba layinsa a kasafi, ba ƙuri'ar majalisa, kusan yadda aka yi a 2011. Sai a Oktoban 2024, bayan matatar Ɗangote mai ganga 650,000 a rana ta fara fitar da fetur, aka saki farashin gaba ɗaya. Ko bayan haka, a Mayun 2025 Bankin Duniya ya ce rabin ribar cire tallafin kawai kamfanin ke kaiwa asusun tarayya, ragowar yana biyan tsofaffin basussuka da ita.

Yanzu wutar lantarki ce ke bin wannan sawu. A ranar 3 ga Afrilun 2024 hukumar kula da lantarki ta ɗaga kuɗin wuta ga 'yan rukunin A, waɗanda aka yi wa alƙawarin awa 20 a rana, daga wajen naira 68 zuwa 225 kowane yunit, daga baya aka ɗan sassauta. Jami'o'i da asibitocin koyarwa da ƙananan masana'antu suka koka, kuma kukansu na gaskiya ne. Sauran rukunai, wato mafi yawan masu amfani da wuta, an bar su a tsohon farashi, gwamnati ta ce ita za ta cike giɓin. Kasafin 2024 ya ware wa wannan naira biliyan 450, amma nauyin da ya hau kan gwamnati a shekarar ya kusa tiriliyan 2. Ita kanta gwamnatin ba ta cika biyan kuɗin wutar da ofisoshinta suka sha ba: a Fabrairun 2024 kamfanin rarraba wuta na Abuja ya wallafa sunayen ma'aikatu da hukumomi 86 da yake bi kimanin naira biliyan 47, har da fadar shugaban ƙasa, wadda aka ba da umarnin a biya nata bayan sanarwar ta fito.

Giɓin da ba a biya ba yana taruwa ne a kan kamfanonin samar da wuta, su kuma su kasa biyan masu ba su iskar gas, masu gas su rage abin da suke turawa, injuna su tsaya, unguwa ta kwana a duhu, mai walda da mai niƙa da mai sayar da ƙanƙara su koma kan janareta da fetur ɗin naira dubu. Zuwa 2025 kamfanonin samar da wutar suna cewa bashin da suke bi ya kai naira tiriliyan 4. Gwamnati ta amince a biya abin da aka tantance ta hanyar fitar da takardun lamuni, wato wutar da aka riga aka sha a shekarun baya za a biya ta ne, da kuɗin ruwanta, daga kasafin shekaru masu zuwa.